Haƙarƙarin Ɗalhatu Tukuba

"Ni fa a gindin tukuba aka yanke cibiyata," in ji Ɗalhatu, yana kwance ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Kakana shi ke gasa wa mahautan garinmu naman da za su ci da bakinsu. Ko ɗaure mini ido aka yi, hancina kaɗai ya ishe ni in san nama ya gasu."

Bari in gabatar maka da shi tun kafin ka fara girmama shi. Ɗalhatu direba ne a wani gidan Larabawa a Ain Khaled, ni kuma, Dikko, gadi nake yi. Ɗakinmu ɗaya a nan Doha ta ƙasar Qatar, a wani tsohon gida a unguwar Fereej Abdel Aziz, mu shida, a kan gadaje masu hawa biyu. Duk tsawon zamanmu ban taɓa ganin ya soya ƙwai ba. Ilimin gashin da yake taƙama da shi a waya ya same shi lokacin kullen korona, yana kwance yana kallon waɗansu ƙartin Turawa masu gemu suna gasa haƙarƙari. Daga nan muka raɗa masa Tukuba, shi kuwa ya karɓa a matsayin sarauta.

Hancin kuma da yake kuri da shi, korona ta tafi da shi ba ta dawo da shi ba. Bai gaya wa kowa ba, kuma har yau yana zaton asirinsa a rufe yake. Mu kuwa mun gano tun ranar da ƙullin kifin miyar Mudasiru ya fashe a cikin loka. Duk muka tsere waje muna toshe hanci, gogan naka yana kwance a ƙarƙashin lokar yana tambayar ko gobara ce.

Wannan Mudasiru ɗan Zangon Nima ne, can Ghana, kuma shi ke kwana a saman gadon Ɗalhatu. Tun da Ghana ta tare Najeriya a hanyar zuwa Kofin Duniya ba mu sake shan ruwa cikin kwanciyar hankali ba. Da safe ya tambaye mu ko mun sayi tikitin kallon ƙasarmu, da yamma ya yi mana ta'aziyya. Da gasar ta matso sai ya ƙara da cewa ko a nama ma cicingar Zango, wato nasu tsiren, ta fi tsiren Najeriya, kuma ga kawunsa Baba Gariba nan tafe kallon ƙwallo, a tambaye shi. Wannan ce ta tayar da Ɗalhatu zaune.

Ya ce shi ba zai ma ɓata lokacinsa a kan tsire ba, aikin 'yan koyo ne. Haƙarƙarin sa zai gasa, irin gajerun nan masu kauri, a saman rufin gidan nan, kuma Baba Gariba ne alƙali. In tsohon ya cinye ƙashi ɗaya tas, Mudasiru zai sa rigar Najeriya ya shiga tsakiyar 'yan Ghana ranar wasansu.

"In kuma bai cinye ba fa, cale?" in ji Mudasiru daga sama, don cale 'yan Ghana ke kiran aboki.

"Ka sauko ka karɓi gadona."

Wanda bai yi zaman Doha ba ba zai gane girman wannan magana ba. Gadon ƙasa shi ne falonka, shi ne kujerarka, nan za ka rataya zani ka shige, duniya ta ƙyale ka. Na sama kuwa tsakaninsa da silin bai fi kamu biyu ba, ga esi yana hura maka sanyi a kunne har gari ya waye. Ɗalhatu ya yi shekara da shekaru a sama kafin mai gadon ƙasan ya koma gida lokacin korona. Ga shi mutum ne mai jiki, ga gwiwa tana damunsa. Na ja shi gefe na ce ya janye, ya ce wanda ya gaji abu ba ya jin tsoron abin.

Ranar Alhamis muka tafi kasuwar Asian Town sayen nama. Mai naman, wani ɗan Pakistan, ya tambaya ko a yanyanka masa siri-siri don ya yi saurin gasuwa. Ɗalhatu ya dube shi kamar ya zage shi, ya ce khalas, ya isa, a bar masa yadda Allah ya halicce shi. Daga firiza aka ciro naman, muna isa gida kuma ya mayar da shi firiza, wai kada iskar Doha ta taɓa shi.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka hau rufi. Baba Gariba ya zo, dattijo mai fara'a da farar hula, aka shimfiɗa masa darduma a inuwar tankin ruwa. Ɗalhatu ya ɗaura tawul a ƙugu, ya ciro nama. Da ya ajiye shi a faranti sai da farantin ya yi ƙara kamar an jefa bulo.

Bai damu ba. Ya ce duk cikin tsari ne, ya jera haƙarƙarin a gaban injin esi da ke huro zafi, wai kafin ya haɗa yaji ƙanƙarar ta saki. Kafin ya gama daka ƙuli-ƙuli magunan unguwa sun hallara a kan katanga. Wani ƙaton muzuru mai kunne ɗaya ya sauko, ya ja guda, ya kai shi bayan tanki. Muna jin ƙarar haƙoransa. Can sai ga shi ya fito baki wayam, ya kalli Ɗalhatu, ya haye katanga ya tafi, sauran suka bi shi.

"Wannan ya riga ya kaɗa ƙuri'arsa," in ji Mudasiru.

Ɗalhatu ya ce muzurun Larabawa ne, bai san nama ba sai shinkafa.

Sai maganar wuta. Rabin duro muka samo da wayar gashi. Ya juye buhun gawayin gaba ɗaya, ya yi ta fifita har garwashin ya yi ja zur, sannan ya mulke naman da yaji ya ɗora. Na tuna masa cewa Turawan nan nasa a hankali suke yi, wuta kaɗan, yini guda. Ya ce Turawa tsoron wuta suke yi, shi ya sa. Bai rufe baki ba kitse ya fara ɗiga, harshen wuta ya tashi ya gaisa da girarsa ta hagu. Ya ja baya ya ce haka ake so, wutar ta amsa.

Kafin la'asar wajen naman ya yi baƙi ƙirin. Ya soka wuƙa don ya nuna mana laushi, wuƙar ta shiga kaɗan ta tsaya, muka ji ta taɓa ƙanƙara. Gawayin kuma ya zama toka. Baba Gariba, wanda tun safe bai ci komai ba saboda an ce masa ya bar wuri a cikinsa, ya tambaya a hankali ko akwai ruwan sha.

Na ce in sauka baƙala, wato kantin unguwa, in sayo wani gawayin, ga ta nan a ƙofar gida. Ɗalhatu ya ce gawayin baƙala na talakawa ne, dama don ɗumama nama ya sa shi, yanzu za a fara aikin gaske. Ya sauka ɗaki ya dawo rungume da wani babban gwangwani da aka liƙe bakinsa da salatif. Madam ɗin gidan da yake wa tuƙi ce ta ba shi cikin tarkacen da ta fitar tana gyaran gida saboda baƙi. Ya taɓa leƙawa sau ɗaya, ya ga dunƙule-dunƙule baƙaƙe masu sheƙi, ya yanke hukuncin cewa irin gawayin da masu kuɗi ke gashi da shi ne, ya adana.

Yana ɓalle murfin muka san ko mene ne. Bahur ne, turaren wutar Larabawa, irin wanda ake ɗora 'yar ƙwaya ɗaya a kasko gida ya kwana uku yana ƙamshi. Ɗalhatu ya juye gwangwanin kaf a kan sauran garwashi, ya mayar da nama, ya kife da kwanon wanki, wai hayaƙi ya ratsa har cikin ɓargo.

Mudasiru ya dube ni, ya dubi kwanon, ya koma gefe ya zauna yana karanta bayan kwalin ashana da natsuwar da ban taɓa ganinsa da ita ba. Ni kuwa ɗan ƙasarmu ne, kuma ina jin tausayin gwiwar nan. Na matsa kusa na rage murya.

"Ɗalhatu, tsakaninka da Allah, ba ka jin wani ƙamshi?"

Nan fa ya ga an zo gwada hancinsa a gaban baƙo. Ya sunkuya, ya ɗaga kwanon, ya zuƙi hayaƙin har ƙirjinsa ya cika, ya lumshe ido.

"Wannan shi ne ƙamshin da nake ba ku labari," ya ce da ƙarfi don kowa ya ji. "Haka tukubar kakana take tashi. Ka koma ka zauna, Dikko, ba fanninka ba ne."

Na koma na zauna. Hayaƙi ya cika rufin, ya gangara layi. Kayan aikinmu da ke kan igiya suka sha rabonsu. Daga rufin maƙwabta wani ɗan Sudan ya leƙo yana murmushi, ya ce mabruk, ya tambaya wane ne angon a cikinmu. Ɗalhatu bai tsaya jin ƙarshen tambayar ba, ya ɗaga masa mafici, ya juyo ya shaida mana cewa Sudan ma ta sallama.

Rana ta yi sanyi sannan ya sauke. Ya zaɓi mafi girma, ya barbaɗa yaji, ya yanka albasa a kai, ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba Gariba. Tsohon ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kafa haƙori. Ya ja, naman ya biyo shi, ya sake ja, naman ya koma. A karo na uku hularsa ta faɗi, amma ya samu ya ɓanto ɗan guntu. Ya fara tauna. Muka zuba masa ido, shi kuma ya zuba wa tankin ruwa. Hawaye ya gangaro masa ta ido ɗaya. Mutumin kirki ne, wallahi ya yi iya yinsa, don har aka fara kiran magariba bakinsa bai daina motsi ba. Daga ƙarshe ya juya baya, ya fito da abin a tafin hannu, ya ajiye a gefen faranti yadda ya ɗauko shi.

"Yaya, Baba?" in ji Ɗalhatu.

"Yarona, ka yi ƙoƙari sosai paa," in ji tsohon yana goge ido. "Amma ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa tauna ɗakin amarya ba sai yau."

Ɗalhatu ya ce harshen Ghana ne, bai saba da manyan abubuwa ba. Ya fizgi guntu ya jefa a baki don ya nuna mana. Ɗanɗano dai bai ji komai ba, amma haƙora ba ruwansu da korona. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu, da ya ga duk muna kallo sai ya runtse ido ya haɗiye shi sukutum. A sallar magariba yana kusa da ni, duk gyatsar da ya yi sai na ji kamar an buɗe shagon turare.

Muka sauko ɗaki. Ashe Mudasiru tun kafin la'asar ya naɗe katifarsa ya ɗaure da igiya. Ba a yi gardama ba, magana ce ta maza a gaban shaidu. Ɗalhatu ya kwance zaninsa, ya kwashe caja da man zafinsa, muka taya shi cilla katifa sama. Ya tsaya a gindin tsani yana kallonsa kamar wanda aka ce ya hau dutse. Ya ɗora ƙafa, gadon ya yi kuka, gwiwar ma ta yi nata. Gaskiya a nan dariya ta ɗauke mini, na ji ba daɗi, don mutum ne mai kyauta in ba bakinsa ba. Mudasiru kuwa har ya miƙe a ƙasa yana gwada filo.

Yana tsakiyar tsani sai ga Baba Gariba ya leƙo da leda a hannu.

"Ina mai gashin? Ragowar naman nan, in ba mai so, a naɗe mini duka in tafi da shi."

Ɗalhatu ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a sama, ɗaya a iska. Fuskarsa ta washe har inda girar ta ƙone.

"Kun dai ji da kunnenku," ya ce. "Sai da naman ya zauna masa sannan ya gane. Mudasiru, tashi mini daga gado."

"A'a, ci gaba da hawanka, yarona," in ji Baba Gariba. "A akwati zan sa, tsakanin kaya. Hajiya ce ta ce kada in dawo ba turare, ka ga ka hutar da ni zuwa kasuwa."