Rabin Titin Onarabul

Duk majalisa babu wanda ya san mazaɓarsa kamar Onarabul Mai-Awo. Sauran 'yan majalisa mutane suka sani, su wane da wane, shi kuwa Allah ya ɗaga shi sama da wannan, layi ya sani. A ofishinsa akwai taswira da ta cinye bango guda, an zagaye mazaɓar da jan fenti. Mai neman taimako ba a tambayarsa abin da ke damunsa, sai dai a ce ya nuna gidansa a bango. In yatsansa ya sauka cikin ja, a ba shi kujera. In ya zame waje, a yi masa addu'a a raka shi ƙofa.

Abu ɗaya ne ya tsaya wa bawan Allah a rai. Zaɓe ya ƙarato, kujera ga daɗi, shi kuma ko fitila bai taɓa kafawa ba. Can sai ya tuna da babban titin unguwa, wanda ramukansa suka gama da tayoyin jama'a. Sai dai jan layin nan ta tsakiyar titin ya ratsa. Dama tasa ce, hagu kuwa ta wani ɗan majalisa ce da ake kira Mai-Gyangyaɗi, saboda aikin da ya fi ƙwarewa a kai a zauren majalisa.

Ɗan kwangila ya kawo shawarar a shimfiɗa kwalta gaba ɗaya. Onarabul ya dube shi sama da ƙasa.

"Ni in yi aiki wani ya kwashe yabo? Al'ummata ba ta aiko ni in yi kyauta da kwaltarta ba! A auna, a raba tsakiya, ko ɗigo kada ya tsallaka."

Da kansa ya riƙe igiyar awon, ya naɗe hannun riga, mai hoto na biye da shi. Ana cikin aiki sai ga gwaggonsa wadda ta goye shi, tela ce, shagonta na ɓangaren hagu.

"Ɗana, ƙura na ɓata min yadin mutane. A ɗan miƙo mana kwaltar nan mana."

"Gwaggo, a gida ni ɗanki ne, amma taswira ba ta san dangi ba."

Ta juya ranta a ɓace, shi kuma ya ji a jikinsa lallai ya cika mai gaskiya.

Ranar buɗe titi ya yi jawabi har muryarsa ta dushe. "Tarihi zai shaida," in ji shi, "ban ci haƙƙin kowa ba, ban kuma bari kowa ya ci nawa ba!"

Abin da ya manta shi ne direbobi ba sa karanta taswira. Mai zuwa da mai dawowa, tirela da bas da babur, kowa ya dunƙule a kan rabin nan mai santsi. Ƙarar odar motoci ba ta yankewa, hayaƙi ya cika ɗakuna. Wata tirela ta tafi da rumfar mai kanti, iyaye suka hana yara leƙa ƙofa. Hagu kuwa ta zama fili, shiru, ba mota ba fargaba. Masu tebur suka fara tsallakawa, masu shago suka bi, daga nan aka kama haya can aka kwashe iyali, har katin zaɓe aka mayar can. Kafin a ankara kasuwa ta kafu a ƙofar Gwaggo, ɗinki ya yi mata yawa har tana mayar da wasu.

Onarabul na hango cunkoson ta baƙin gilashin motarsa yana murmushi. "Kun ga ci gaba ko?" Direbansa ya ce ya gani, ranka ya daɗe.

Aka yi zaɓe. Waɗanda suka rage a dama suka fito suna tari suka kayar da shi warwas. Shi kuwa Mai-Gyangyaɗi sai da aka tashe shi aka yi masa albishir ya lashe, har an sa wa sabuwar kasuwa sunansa. Ya murza ido ya tambaya wace kasuwa.

Washegari Gwaggo ta zo jaje, sanye da sabon yadi. Ta tarar da shi ya zuba wa bango ido, duk ya faɗa, tausayinsa ya kama ta.

"Haba ɗana, kada ka sa wa ranka damuwa. Wallahi duk ɓangarenmu albarka ake sa maka, kai ka kwashe mana motoci. Da ƙuri'a na tsallaka titi, da yanzu kana kan kujerarka."