Injin da Bai Iya Gaisuwa Ba

"Ina gajiya, mijin banza? Au, na manta, a ofishin nan an daina amsa gaisuwa."

Da wannan Hajiya Falmata ta shigo ofishin ƙungiyarmu ta manoman rani a Watari, wata Laraba da hantsi, riƙe da kwando a rufe. Ni ne sakataren ƙungiyar tun da na ajiye alli, don haka a gabana aka yi komai. Wanda ta kira miji jikanta ne, Uzairu, wanda ya haɗa mana wayar intanet a kan wata tsohuwar kwamfuta: manomi ya kira, ya danna lambar gonarsa, inji ya faɗa masa ranar da za a sakar masa ruwa. Ita kuwa shugabar mata manoma ce, kuma da ƙorafi ya yi yawa, kwamiti ya ce hukuncinta za a bi, a bar injin ko a cire shi.

"Lafiya lau, amarya mai haƙori uku," in ji Uzairu. "Kin dawo daga yajin ne?"

"Na zo zare wa 'yar nan taka wuta. Ran Asabar na kira ta. Na yi sallama, ta ce in danna lamba. Na ce ina kwana, ta ce in danna lamba. Ina cikin tambayar mutan gida ta kashe mini waya a kunne!"

"Daƙiƙa goma take jira, Hajiya. Ke kuwa gaisuwarki sai mutum ya yi mata guzuri."

"Har sau uku! Na rantse ba zan ƙara kula marar kunya ba. Ashe ran nan ne ruwana." Ta yaye kwandon, sai ga ganyen tumatir a yanƙwane. "Ga aikinka nan, injiniyan ƙarya."

"Wannan ai ba ƙishirwa ba ce, fuskarki suka gani da sassafe."

"Fuskar da kakanka ya yi shekara biyu yana zarya a kanta? Kai wa ya taɓa leƙo ka ta katanga?"

"Hajiya, duniya ta wuce nan. Manyan ofisoshi duk sun koma kira ta intanet. Ƙa'ida ɗaya ake bi, shi ya sa injin wannan kamfani yake jin maganar na wancan. In gaya miki ma, kafin su haɗa kira sai sun gaisa: wannan ya yi sallama, wancan ya amsa, wannan ya ce na ji."

Hajiya ta ajiye kwandon a hankali.

"Maimaita. Gaida junansu suke yi?"

"A kowane kira."

"Wato sun iya, ni ce ba su ga girmana ba. Malam Sakatare, rubuta, da bakinsa ya faɗa."

Na rubuta, domin aikina ke nan. Ita kuma ta kai hannu kan soket.

"Tsaya, uwargida!" Uzairu ya miƙe. "Manhajar nan ba ta kamfani ba ce, balle mu rubuta takarda mu yi shekara muna jira. Waɗanda suka yi ta a buɗe suka bar ta, kowa ya gyara daidai da garinsu. Yanzu zan koya mata ladabi."

"Da me ya hana ka?"

"Rashin malami. Na yi ta neman tsohuwar da ta fi kowa surutu a ƙasar Kano, sai ga ta har ofis."

Ya miƙa mata wayarsa don ɗaukar murya. Ta gyara mayafi, ta yi sallama, ta tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, tana kafa masa sharaɗi bayan kowace tambaya.

"Bar wuri mutum ya amsa. Ƙara. Alhaji Bunu sai ya yi tari kafin ya ce lafiya."

Alhaji Bunu shi ne dattijon ƙungiyar, kuma shi ya fara kai ƙarar injin. Yana zaune a benci a waje, don haka da Uzairu ya gama ɗora muryarta a kan injin, na roƙe shi ya kira ya gwada. Ta taga muka ji shi: tari tukuna, sannan, "Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Hajiya. Aiki da godiya." Ya danna lambarsa, ya saurara, ya ce, "Alhamis bayan Azahar, to madalla. A gaida yara." Sai ya ɗaga murya: "Malam, yau abin nan ya zama mutum!"

Hajiya ta janye hannunta daga soket.

"A bar ta. Yanzu 'yar gidan mutunci ce, ni ta gado."

"Na gode, amarya. Sai dai ki sani, daga yau duk wanda ya kira ke za ki fara gaishe shi. Har da Jumma, da kuka yi shekara ba kwa magana saboda iyakar gona. Kullum za ki tambaye ta gajiya, ki kuma tsaya sai ta amsa."

Hajiya ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Ta tura hannu ƙarƙashin yanƙwanannen ganyen, ta zaro jajayen tumatir biyar ta jera masa a kan kwamfutar.

"Ungo, ɗan nema, ka kayar da ni. Amma in Jumma ce ta kira, ka mayar da jiran daƙiƙa goma."