Sikimar da Ta Fi ta Sabi'u

Har gobe ba na jin zan manta da ranar da surukina, Malam Babba, ya tako gidana don ya ga kifi. In abin ya faɗo mini, ko ni kaɗai ne a mota sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Bari in fara da Sabi'u, tunda shi ne mafarin abin, ko da yake bawan Allah bai san ya yi mini komai ba. Mijin ƙanwar matata ne, injiniyan ruwa. Ya daɗe a Fatakwal, da sojoji suka koma bariki aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse sai ya tattaro ya dawo Katsina, ya gina gida a hanyar Batagarawa. Ni kuwa ina Ƙofar 'Yandaka, ma'aikacin gwamnati mai jiran ƙarin girma tun zamanin kaki. Kafin ya dawo ni ne babban suruki. Ni ake nema in an kawo takarda da Turanci, ni ake tambaya asibitin da za a kai surukata Hajiya.

To, Sabi'u ya zo da teku a falonsa. Tankin gilashi ne mai cin lita ɗari huɗu, ruwan gishiri, da murjani mai rai yana ta lilo, da kifaye masu launin da ko a atamfa ban taɓa gani ba. A Katsina fa, garin da sai ka kwana a hanya kafin ka ga teku. Malam Babba, wanda a shekara goma sha ɗaya sau biyu ya taɓa shiga gidana saboda kunyar surukuta, sai ga shi duk Juma'a bayan masallaci yana gidan Sabi'u. Ya ja kujera gaban gilashi, ya yi ta tasbihi yana kallon ikon Allah. Rannan a gabana ya ce, "Yaron nan Sabi'u akwai kai." Na yi murmushi na ce ƙwarai kuwa, Baba. Tuwon ranar bai wuce mini ba.

Abin da ya fi tsaya mini ma ba kifin ba ne. Wata na'ura ce a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin, Sabi'u yana ce mata sikima. Doguwar kwalba ce mai haske, injinta yana kaɗa ruwa da iska su yi kumfa, kumfar ta kwaso dauɗar kifi ta taso da ita cikin wani kofi a sama. Kullum sai ya ciro kofin ya nuna wa Malam baƙin ruwan da ya taru, mai wari kamar kwata, Malam kuma ya jinjina kai. (E, mai karatu, har dauɗar kifin wani na yi wa ƙyashi. Na faɗa, na huta.)

Na sa mai gilashi ya haɗa mini nawa tankin. Lita ɗari da ashirin, iyakar abin da falona zai ɗauka ke nan. Sabi'u da ya ji sai murna. Ya ba ni gishiri, ya ba ni duwatsu, ya yanko mini reshen murjani, ya jira ruwan ya zauna sannan ya kawo kifi uku. Da muka zo kan sikima ya ce, "Yaya, wannan ba a saye don girma. A duba yawan ruwa, a duba yawan kifi, a auna wurin da za ta zauna. In ta yi ƙanƙanta ruwa ya ɓaci. In ta yi girma da yawa ba za ta samu dauɗar da za ta riƙe kumfa ba. Ƙarama ta ishe ka." Ya rubuta mini lambar mai sayarwa a Legas.

Kalmar nan "ƙarama" ita ta kashe ni.

Lokacin wayar hannu ta shigo, na fita ƙofar gida inda za a gan ni na kira mutumin. Ya tambaye ni lita nawa. Na ce dubu. Ya ce kifi nawa. Na ce ban ƙirga ba tukuna. Bayan mako biyu motar Legas ta sauke mini kwali, sai da aka turo shi a kurar ɗaukar kaya. Da na buɗe, abin ya kai mini ƙirji. Kabad ya ƙi ɗauka, sai na tsayar da ita a gefen tanki kan wani ɗan benci, na ja mata tiyo biyu, ɗaya na shiga ɗaya na fita. Matata Binta ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, "Baban Ummi, wannan ta kifi ce ko ta unguwa?" Na ce mata abin kimiyya ne.

Mako uku tana gurnani kamar injin niƙa, kifayen nan uku sun laɓe bayan dutse, kofi kuwa fes, ko ɗigo babu. Kumfar za ta taso rabin kwalba ta fashe. Kashi nawa kifi uku za su yi? Na ƙara musu abinci, suka ƙi ci. Na san wanda zan tambaya, na kuma san ba zan tambaye shi ba.

Ana haka Binta ta dawo daga gidansu ta ce Baba ya ji labarin tekuna, zai zo ranar Asabar bayan la'asar, Sabi'u ne zai kawo shi.

Ranar Asabar tun safe aka ɗauke wuta. Ɗan janaretana yana iya jan injin tanki da fanka, amma sikima ta fi ƙarfinsa, don haka tana tsaye shiru, filoginta a layin wutar gari. Na dubi kofin nan wayam, na tuna na Sabi'u. Binta ta dafa baƙin shayi saboda baƙi, ta juye a filas ta shiga wanka. Ban san lokacin da na ɗauko filas ɗin ba. (Ƙarya nake, na sani sarai.) Na buɗe murfin kofi na tsiyaya har ya wuce rabi, na ja baya na duba. Launin ya yi daidai, kai ka ce dauɗar mako guda ce. Sannan na murɗe makunnin tiyon fita kusan gaba ɗaya, da tunanin in wuta ta zo ruwa zai hau sama ya yi kumfa kamar ta mutane.

Suka iso. Malam Babba cikin farar babbar riga da ta sha bugu, Sabi'u yana riƙe masa da sanda. Muka gaisa, ya gida, ya iyali, ya aiki, ya jama'a, na durƙusa har gwiwata ta yi tsami. Ya dubi kifayen ya sa albarka, sannan idonsa ya kai kan sikima.

"Wannan kau ta fi ta Sabi'u," in ji shi.

Shekara biyu nake jiran wannan magana. Na sunkuyar da kai na ce, "Ai dai ɗan ƙoƙari ne, Baba. A duba abin da ta tara." Sabi'u ya kalli kofin, ya kalli kifi uku, ya kalle ni. Malam ya gyara tabarau ya matso, ya sunkuya har gemunsa na taɓa murfin.

A daidai nan aka kawo wuta.

Sikima ta yi gurnani. Ruwan da na toshe wa hanya ya taso sama gaba ɗaya, ya ɗaga murfin, ya kwaso abin da ke cikin kofi ya sheƙa wa surukina daga gemu har cinya. Bai tsaya nan ba. Ruwa ya yi ta ambaliya kan darduma, tanki yana raguwa, ni kuwa ina tsaye na kasa tuna inda filogi yake. Sabi'u ne ya tsallake ya zare shi, ya naɗe hannun riga ya kwance makunnin.

Malam Babba ya ɗago gefen rigarsa da ta koma ruwan ƙasa, ya kai hanci. Ya sake shinshinawa. Sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, shi tekun naka da citta da kanumfari ake haɗa shi?"

Kafin in nemo ƙaryar da za ta rufe wannan, Binta ta shigo da tire da kofuna tana jijjiga filas. "Baban Ummi, mi ya samu shayin Baba? Na cika shi fa."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Malam ya koma gida cikin jallabiyata, wadda ta tsaya masa a ƙwauri. Sabi'u ya kai shi ya dawo da jarka biyu na ruwan gishiri, ya cika tankin, ya ce an yi sa'a shayin a waje ya zube, kifi ba abin da zai same su. Ko sau ɗaya bai ce ai na gaya maka ba. Har yau ban gama yafe masa wannan kirkin ba.

Da zai tafi ya shafa sikimar ya ce, "Yaya, dama ina shirin haɗa babban tanki. Ko za mu yi musaya? Akwai wata 'yar ƙarama da na fara da ita, daidai ruwanka." Na ce zan yi shawara, na kuma taya shi ɗauka zuwa mota.

Ƙaramar ta shige kabad ba gardama. Kwana uku ta fara tara dauɗa ta gaskiya, kifi suka fito daga bayan dutse, murjani ya buɗe. Tawa kuma tana can hanyar Batagarawa tana aiki kamar don gidan aka ƙera ta, baƙi suna yaba wa Sabi'u iya zaɓe.

Malam Babba, Allah ya ji ƙansa, ya riƙa zuwa gidana bayan nan, wata sa'in har sau biyu a wata. Sai dai duk ranar da Binta ta miƙa masa shayi, yakan riƙe kofin ya tambaya a hankali, "Ɗiyata, wannan namu ne ko na kifi?"

Yanzu in wani ya tambaye ni wace sikima zai saya, nakan ce ya auna ruwansa, ya ƙirga kifinsa, ya gwada kabad ɗinsa, kuma kar ya leƙa gidan mijin ƙanwar matarsa sai bayan kaya sun iso. Kishin Sabi'u kam ban daina ba. Na dai daina zuwa sayayya da shi.