Gida Mai Numfashi

Tun da aka fara ɗora bulo a kan bulo, ba a taɓa yin mai zanen gidaje kamar Uban Sanyi ba. Wannan magana tabbatacciya ce, domin shi da kansa ya faɗe ta, kuma an buga ta a bayan katinsa. Sauran masu zane ɗakuna suke zanawa, shi kuwa iska yake zanawa. Duk takardar da ta fito daga hannunsa cike take da shuɗɗan kibiyoyi, su shiga ta wannan taga, su gaida mutanen falo, su fice ta waccan. Har yau ba a samu kibiya ɗaya da ta saɓa masa ba, a kan takarda.

A ofishinsa akwai na'urar sanyaya ɗaki har biyu. Ya ce ba don jikinsa ba ne, don lafiyar takardu ne.

Fiyayyen aikinsa shi ne gidan da ya gina wa kansa, ya raɗa masa suna Gida Mai Numfashi. Ba fanka, ba na'ura, sai hikima. A zanen farko gidan ba shi da laifi: bango mai kauri ya tare ranar yamma, babban gilashin falo yana kallon inda rana ba ta bi, ga mangwaro biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Ranar da za a haƙa tushe ne Uban Sanyi ya tsaya bakin titi ya gano wani mummunan kuskure. Titin a yamma yake. Masu wucewa bango kawai za su gani.

"A juya gidan," ya ce.

Tsohon maginin da ke masa aiki ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, in aka juya, gilashin nan zai sha ranar la'asar tun daga sama har ƙasa."

"Baba, shekara nawa ka yi kana karanta halayyar rana?"

"Ban karanta ba. A cikinta dai nake wuni."

"To ka gani."

Aka juya. Mangwaron gaba ya tare wa masu ɗaukar hoto gidan, aka sare shi, aka dasa allo mai ɗauke da sunan mai gida a gurbinsa. Allon ya yi kyau ƙwarai, inuwarsa ma ta ishi ƙadangare ɗaya.

Bayan wata bakwai da tarewa sai ga dama ta samu. Hukumar gidaje za ta gina wa ma'aikata gida ɗari biyu, tana neman zanen da ya fi ƙarancin shan wuta, kuma kwamiti zai zo ya ga gidan da ido kafin a ba da aikin. Uban Sanyi ya kwana uku ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Gida ɗari biyu, allo ɗari biyu. Ya roƙi kwamiti su zo ƙarfe bakwai na safe, lokacin da gidan ke jan numfashinsa na farko. Wani taro ya riƙe su, suka iso uku da rabi na rana.

Ya tarbe su cikin kwat, ya shigar da su falo, ya buɗe hannuwa.

"Jama'a, ba gida kuka shigo ba, huhu ne. Ku yi shiru ku saurara."

Suka saurara. Kyandir ɗin ado da ke kan tebur ya riga ya rusuna, kamar yana gaida baƙi. Wani ɗan kwamiti ya zauna a kujerar leda, da ya tashi sai ta biyo shi kaɗan.

"Abin da kuke ji ba zafi ba ne," in ji Uban Sanyi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. "Gidan ne ya riƙe numfashi. Yana jin nauyin baƙi."

Shugabar kwamitin injiniya ce mai ƙarancin magana. Ta zaro ma'aunin zafi daga jaka, ta duba, ta rubuta arba'in da ɗaya, ta ce a nuna mata mitar wuta. Nan ne Uban Sanyi ya kusa taka rawa. Wata bakwai, mitar da kyar ta motsa.

"Ranki ya daɗe, ki rubuta da manyan baƙaƙe. Mutum shida ke gidan nan, ga abin da muka sha. Ni kaina wani lokaci nakan zo in tsaya gaban mitar nan, hawaye su zo mini."

Ta ce a taimaka mata da ruwa. Ya kira uwargida, shiru. Injiniya ta leƙa kicin, ba tukunya ko ɗaya. Ta leƙa ɗakin kwana, gado ba katifa. Sai ta jiyo rediyo da dariya daga bayan gida, ta bi sautin, Uban Sanyi na biye yana bayanin cewa can ba ya cikin zane.

Ƙarƙashin mangwaron da ya tsira akwai wani guntun sito mai kaurin bango da 'yar taga ɗaya. A ciki ga mahaifiyarsa a kishingiɗe, ga uwargida na yankan albasa, ga 'ya'yansa mata uku suna aikin makaranta. Ma'auni ya nuna ashirin da tara. 'Yan kwamiti suka shige ba tare da an ce musu bisimilla ba.

"Inna, a nan kuke hutawa?" in ji injiniya.

"Hutawa? 'Yar nan, a nan muke. Wancan ai na hoto ne. Sati ɗaya na yi a ciki, man shafawata ya koma ruwa."

"Inna, bincike muke yi," Uban Sanyi ya ce da sauri. "Gwaji ne na ɗan lokaci."

"Kai dai matsa daga ƙofa, ka tare mana iska."

Injiniya ta shafa bangon, ta tambayi wanda ya zana wannan ɗaki. Uwargida ta ce ba wanda ya zana shi, tsohon magini ne ya ɗora shi cikin kwana uku don ajiye siminti. Injiniya ta nemi lambar wayar tsohon, ta rubuta a inda aka bar wa sunan wanda za a ba aiki.

Sannan ta ƙirga katifun da ke jingine da bango. Shida ne.