Sanarwar Rasuwar Barkono, Jar Motar Likita

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Likitar haƙori ta layin bayan asibiti tana sanar da 'yan uwa, abokan aiki da maƙwabta rasuwar jar motarta mai ƙofa biyu, wadda aka fi sani da Barkono. Ta rasu ranar Talata da ƙarfe huɗu na yamma a kan titin bayan gari, tana da shekara tara, a hannun ƙanin Likita, wato Auta.

Marigayiya mai silinda takwas ce, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da safe, ana murza makulli sai ta ce "gurrrum" sau ɗaya, tagogin layi su amsa, sannan ta sassauta murya. Ranar da numfashin mahaifiyarsu ya sarƙe, ita ta kai tsohuwa asibiti cikin minti goma sha ɗaya, tsohuwa ta rayu har ta yi faɗan gudun da aka yi da ita.

Likita ba ta taɓa wasa da lafiyarta ba. Duk ranar juyen mai da kanta take tsayawa a gareji, a tari baƙin mai tun da zafinsa a 'yar kwalba, ta aika ɗakin gwaji. Sakamako ashirin da ɗaya suka fito lafiya lau. Na ashirin da biyu ne ya zo da labari: dalma da jan ƙarfe sun ninka a cikin man, alamar ƙarafan inji sun fara cin juna, ga fetur yana sauka yana tsinka shi. Masu gwaji suka rubuta ƙarara cewa a zuba mai mai kauri irin wanda kamfani ya ce, a gyara inda fetur ke yoyo, kada kuma a taka totur sai an sake gwaji.

A makon ne aka tura Likita kwas na wata ɗaya da rabi. Ta bar wa Auta makulli domin abu ɗaya tak, ya riƙa ɗumama inji minti goma a tsakar gida. Sau biyu ta karanta masa takardar gwajin.

"Haba Yaya," in ji shi, "masu farar riga neman abin faɗa kawai suke. Ni da kunne nake gane inji."

Ana tunatar da jama'a cewa Auta, mai shekara talatin da huɗu, bai taɓa mallakar injin da ya wuce na aski ba. Duk iliminsa na mota daga waya ya kwaso shi, yana kwance. A can ya jiyo cewa tsinkakken mai ya fi gudu. Ya sayo wata jarka marar suna a bakin titi, ya haɗa da kwalbar "maganin inji" mai hoton zaki, ya kai wa tsohon bakaniken da ya riƙe Barkono tun tana sabuwa. Dattijon ya murza man a yatsa, ya sunsuna.

"Ranka ya daɗe, wannan ko keken ɗinki ba zan zuba wa ba."

Auta ya ce masa zamani ya wuce shi, ya je ya zuba da hannunsa.

Jinyar ƙarshe ba ta daɗe ba. Ya hau titin bayan gari da aboki ɗaya a gaba, biyu suka tsaya gefen titi suna ɗaukar bidiyo. Jar fitilar mai ta kama, ya ce wayar wuta ce ta saki. Marigayiya ta fara "ƙwas-ƙwas-ƙwas", tana roƙo da iyakar muryarta, mai gane inji da kunne ya ƙara sautin waƙa. Daga nan ta ce "gau!", ta yi shiru. Likita ta kalli bidiyon sau ɗaya a ɗakin kwas, ta kife wayar, ta kasa komawa aji.

Da aka kai man ƙarshe ɗakin gwaji, sun ce ba sai an wahalar da na'ura ba, garin ƙarfe yana ƙyalli ido na gani. Auta kuwa ya shaida wa dangi cewa dama kwananta ne ya ƙare.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran ƙarfi, giyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, da makulli na biyu da ba a taɓa taɓawa ba. Ta kuma bar galan ɗin mai na gaskiya, a rufe da hatiminsa, a bayan ƙofar garejin gida, taku uku daga inda Auta ya durƙusa ya zuba nasa.

Za a sauke inji ranar Asabar da ƙarfe sha biyu na rana a garejin dattijo. Ana karɓar gaisuwa a falon Likita. Masu shirin cewa "ai ƙaninki ne, ki yi haƙuri" su sha zamansu a gida, saƙonsu ya iso. Ba za a kira motar da za ta ja ta ba. Auta ne zai tura gawar daga ƙofar gida har gareji, kilomita uku, da hawan gada a tsakiya. Likita za ta riƙe sitiyari. Ana roƙon maƙwabta su fito ƙofar gida su yi bankwana, amma don Allah kada kowa ya sa hannu.