Mahaukacin da Na Tsinto a Kahu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je Kahu neman sa hannu ba. Lokacin ana dab da samun mulkin kai, shekarata ɗaya ke nan a majalisa a Kaduna ina wakiltar mutanenmu na Rano da Kibiya. Daga aji aka ɗauko ni, alli bai gama fita daga farcena ba, amma in ka ga tafiyata sai ka rantse ni na haifi siyasa.

Magana guda na riƙe a majalisa: a cire masu taɓin hankali daga haraji, a daina barinsu a mari, a kai su asibiti. A wancan zamani namiji in ya balaga an rubuta shi ke nan, ko ya san inda kansa yake ko bai sani ba, dangi su biya. Na yi ta maimaitawa har abokai suka laƙaba mini "lauyan mahaukata" (ni kuwa har daɗi nake ji). Daga ƙarshe aka ce in kawo takarda da hannun dagatai da limamai, a duba. Dagatai da limaman Lausu da Zurgu suka sa. Saura Kahu, inda dagaci ya aiko cewa shi ba zai sa ba sai liman ya sa. Limamin nan ban taɓa ganinsa ba.

Bayan la'asar na isa ƙofar gidan dagaci, na sha babbar riga da ta ji bugu. An shimfiɗa tabarmi, dattawa sun jeru. Na soma jawabi, na kawo na littafi na kawo na Turawa, mutane sai kallona suke kamar ina karanta musu takardar magani. Na ga dai kasuwar ba ta ci.

Can na hango wani tsoho a gindin tsamiya shi kaɗai. Taguwarsa ta yage, taɓo ya bushe masa tun daga ƙafa har gemu, bakinsa na ta motsi, yana ɗaukar tsakuwa daga nan yana ajiyewa can. Na ce a raina, Allah ya kawo hujja har gida.

Na taka na isa wurinsa. "Sannu, Baba." Shiru. Na sake. Ya ɗaga mini hannu kawai. Maimakon in gane, sai na juyo ina murna.

"Jama'a, kun gani? Ko gaisuwa ba ya iya amsawa! Wannan bawan Allah, da bai san gabas ba bai san yamma ba, shi za a ce ya biya haraji?"

Dagaci ya ce, "Ranka ya daɗe..."

Na ce, "Bari in ƙarasa, Dagaci." (Har yau in na tuna wannan "bari in ƙarasa" sai na runtse ido.) Na tuɓe rigata na yafa wa tsohon, na dafa kansa, na yi alkawarin ni da kaina zan kai shi asibiti a Kano. Na jira tafi. Wani dattijo ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa.

Tsohon ya ajiye tsakuwar ƙarshe, ya shafa addu'a, ya dube ni. "Lafiya lau, ɗan nan. Ka yi haƙuri, lazimi nake, ba a magana sai an idar."

Dagaci ya sunkuyar da kai. "Malam Ilu ke nan, limaminmu. Yaɓen masallaci suka wuni yi."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Na durƙusa daga ni sai 'yar ciki. Takarda dai na san ta mutu.

Malam Ilu ya miƙe, rigata na jan ƙasa, ya ce in biyo shi. Muka shiga gidansa. A wani ɗaki na baya sai ga wani mutum zaune kan buzu, fes da shi, riga fara, an yi masa aski, ƙafarsa cikin mari.

"Ƙanena ne, Sule. Shekara bakwai ke nan, ni nake biya masa haraji. Kai kana neman su cikin tsumma. Namu wanka muke musu, mu ɓoye su don kunya." Ya miƙo hannu. "Kawo takardar. Ba ka da hankali, amma kana da gaskiya."

Ya rubuta sunansa da ajami, dagaci ya dangwala. Maganar haraji ta daɗe tana jan ƙafa a Kaduna, amma Sule kafin damina aka kwance shi muka kai shi Kano, kuma ya samu sauƙi har ya koma gona. Na yi shekaru ina wakilci, ban taɓa faɗuwa zaɓe a Kahu ba, sai dai ko jikokin mutanen garin "Likitan Liman" suke ce mini.

Tun daga ranar, kafin in yanke wa wani hukuncin hauka sai na fara tambayar sunansa. Domin a taron nan kaf mutum ɗaya ne ya yi ta surutu ba mai amsa masa, ya tuɓe riga a bainar jama'a, kuma ba liman ba ne.