Teburin Gugar Mista Dombek Ya Kama Wuri

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Raba Gari da Hayaƙi, uban tsaftar iska, gwanin yanke ƙyalle a gaban 'yan jarida.

Bayan gaisuwa da fatan ɗumin ofis bai yi maka yawa ba, ni ce Yolanda Arriaga, mai haya a hawa na uku a Layin Marquand, ɗaya daga cikin wawayen da suka ji huɗubarka suka sayar da motar fetur suka sayi ta lantarki. Ba ni da gareji. Titi ne makwancin motata, kuma da ita nake kai mijina Efren wankin ƙoda, abin da ba ya jiran kowa.

Na ɗaya, ina godiya da turken caji guda ɗaya tak da ka kafa wa layinmu kaf. Da rani ka zo ka buɗe shi, da riga mai gajeren hannu, aka tafa. Ashe a ofishinku ba a san dusar ƙanƙara na zuba a garin nan ba?

Na biyu, ranka ya daɗe, ka fi ni sanin al'adarmu. Wanda ya sha wahalar kwashe ƙanƙara ya fitar da motarsa, sai ya ajiye kujera ko bokiti a gurbin, wurin ya zama nasa har ta narke. Wanda ya taɓa kuwa, zai wayi gari da tayoyi a fashe. To, gurbin da ke gaban turkenka maƙwabcinmu Mista Dombek ne ya share, shi da tsohuwar motarsa mai shan fetur. In ya fita, teburin gugar marigayiyar matarsa ke gadi. Na je roƙonsa da farantin tamale a hannu. Ya karɓi abincin, ya ce, "Yarinya, bayana ya kusa karyewa a wurin nan. Wanda ya dasa ƙarfen ya zo da shebur ɗinsa mana!" Gaskiya ban ga laifin tsohon ba.

Na uku, na kira ofishinku. Wata mai zaƙin murya ta ce ƙanƙara ta sashen tituna ce. Sashen tituna suka ce tarkace na masu shara ne. Masu shara suka ce ba sa shiga tsakanin mutum da al'ada sai bazara. Shin teburin guga haraji yake biyanku? Ko ƙuri'a ya jefa muku?

Na huɗu, da dabara ta ƙare mini, na zuro wayar wuta daga tagar ɗakin girki har bakin titi. A nan fa na ga zafin namanku! Kafin shayina ya huce jami'inku ya iso da takardar tara, wai wani zai yi tuntuɓe. Ya miƙa mini, ya kewaye teburin gugar cikin ladabi, ya kama gabansa.

Na biyar ba ƙorafi ba ne, albishir ne. Ranar Litinin sanyi ya shanye ɗan abin da ya rage a batir, tasi kuma ta ƙi shigowa layinmu saboda ƙanƙara. Efren ya rasa wankinsa, ya ce in rabu da shi, zai jure zuwa na gaba. Bai jure ba. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya gagara, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Amma ka kwantar da hankalinka. Yayana ya ɗaura motar a bayan tasa ya ja ta zuwa asibitin, inda turakun caji ke jere a ƙarƙashin rufi don iyalan waɗanda aka kwantar. Tun da aka ba Efren gado batirina cike yake taf. Likita ta ce jibi za a sallame shi. Shi ya sa nake neman shawararka, kai da ka fi kowa hangen nesa: in roƙe ta ta riƙe shi har bazara, ko in kawo shi gida mu jira ya sake kumbura?

Taka mai matuƙar biyayya, wadda za ta durƙusa maka har ƙasa ranar da ƙanƙara ta narke aka ga ƙasar,

Yolanda Arriaga